Maƙwabcina Ya Hana Mu Barci: Abin Da Doka Ta Tanada

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wani magidanci a cikin Kano. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana zaune lafiya a gidansa, sai bara maƙwabcinsa ya mai da garejinsa wurin yin ƙanƙara. Ya sayo ƙaton janareta mai shan man gas, ya girke shi a jikin katangar da ta raba su, daidai bayan ɗakin mahaifiyar mai wasiƙar. Daga magariba ake tayar da shi, ba a kashewa sai an kira assalatu. Tsohuwa tana fama da hawan jini, yara kuma sun koma gyangyaɗi a aji. Sau biyu yana yi wa maƙwabcin magana, amsar da ya samu ita ce gidansa ne, kuma abincin iyalinsa yake nema. Yanzu ƙannen mai wasiƙar sun matsa masa ya ƙyale su su haura da dare su ɗura wa injin yashi. Yana tambaya ko akwai abin da doka za ta yi masa.

Malam, akwai. Amma kafin mu je can, don Allah ka kira ƙannenka yau ɗin nan ka ja musu kunne. A yanzu kai ne aka zalunta, kuma duk inda ka je kai ne mai gaskiya. Ranar da aka zuba yashi a injin nan, ko aka yanke waya, ko aka haura katanga, labari ya juya. Shiga gidan mutum ba izini laifi ne, ɓarnata dukiyarsa ma laifi ne a kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, kuma kai za a fara nema domin kowa ya san da wa ake rigimar. Haka nan ramuwa da ƙara. Na sha jin mai cewa shi ma zai ɗauko lasifika ya saita ta gidan maƙwabci. A Ingila, a shekarar 1893, an yi wata shari'a tsakanin Kiristi da Debi, maƙwabta masu bango ɗaya. A gidan Kiristi ana koyar da kiɗa, shi kuma Debi abin ya ishe shi, sai ya shiga dukan bango da faranti yana busa usur don ya rama. Da aka je gaban alƙali, Debi aka hana, domin shi ƙararsa da gayya yake yin ta. Kotunan Najeriya suna la'akari da wannan hukunci har yau. Wanda ya rama da gangan ya sayar da gaskiyarsa da arha.

To mu koma kan maganarsa ta “gidana ne”. Wannan magana rabinta gaskiya ce. Mutum yana da ikon yin abin da ya ga dama a gidansa, muddin abin ya tsaya a gidan. Ƙara, hayaƙi, wari da girgiza kuwa ba su san katanga ba. Da zarar sun tsallako sun hana ka morar naka gidan yadda mutum ya saba morar gidansa, to an shiga haƙƙinka, kuma doka ta ba ka damar neman a dakatar da abin, a kuma biya ka diyya. Ba sai kai ne mamallakin gidan ba. Ɗan haya ma yana da wannan dama, tunda gidan yana hannunsa.

Sai dai ka san irin ma'aunin da alƙali ke amfani da shi, don kada ka je da tsammanin da ba za a biya maka ba. Doka ba ta yi wa kowa alkawarin shiru tsit ba. Zama da mutane ya gaji kukan jariri, da daka, da ƙarar babur, da taron suna. Abin da kotu ke tambaya shi ne, shin wannan ƙarar ta wuce abin da mutum mai matsakaicin haƙuri zai iya ɗauka a irin wannan unguwa? Ana duba unguwar kanta, domin wanda ya kama gida a Sharaɗa ko Bompai kusa da masana'antu ba zai nemi shirun da ake samu a unguwar da aka ware don gidajen zama kawai ba. Ana duba lokaci, domin abin da ake jurewa da azahar ba a jure shi da ƙarfe biyun dare. Ana duba ko abin na kwana ɗaya ne ko na kullum. Ƙarar da ke damun ka ta dare ce, ta kullum ce, kuma ta sana'a ce da aka kawo cikin gidajen zama. Duk ukun suna gefenka.

Akwai shari'ar da duk ɗalibin lauya a ƙasar nan ya karanta, ta Abiola da Ijoma, wadda Babbar Kotun Legas ta yanke a 1970. Maƙwabta ne a Surulere. Ɗaya ya gina akurki a jikin katangar da ta raba su, ya zuba kaji ɗari huɗu. Kukan kajin da asuba ya hana ɗayan barci, ga wari. Kotu ta ce wannan cutarwa ce, ta ba da umarnin a daina, ta kuma yanke diyya. Ka lura, kiwon kaji halal ne, sana'a ce mai amfani, amma hakan bai cece shi ba. Don haka “abincina nake nema” hujja ce ta neman a tausaya masa wajen yadda za a gyara, ba hujjar ci gaba da cutar da kai ba. Ko da ma a ce ya riga ka zuwa unguwar, wannan kaɗai ba ya wanke shi. An kafa wannan ƙa'ida tun 1879 a Landan, a shari'ar wani likita da maƙwabcinsa mai yin alewa, wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana daka a manyan turame kafin likitan ya gina ɗakin duba marasa lafiya a jikin bangon. Likitan ne ya yi nasara.

Ga wani abu da nake so ka riƙe, domin nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Kada ka ɗora ƙararka kacokan a kan rashin lafiyar Hajiya mahaifiyarka. Na san ita ce ta fi damun ka, kuma da ni ne ma ita za ta fi damu na. Amma lauyan maƙwabcinka zai ce larurarta ce ta sa take jin abin, mai lafiya da bai damu ba, kuma doka tana auna ƙara ne da kunnen mutum na yau da kullum. Ka fara nuna cewa kowa a gidan ba ya barci, har da matasa masu ƙoshin lafiya. Daga nan sai rashin lafiyarta ya shigo a matsayin shaidar girman ɓarnar da aka yi.

Idan kuma kotun shari'ar Musulunci ka fi natsuwa da ita, can ma ƙofa a buɗe take, in dai ku duka Musulmi ne. Wanda ba Musulmi ba, ba a tilasta masa tsayawa gabanta. Ƙa'idar gusar da cuta tana daga cikin manyan ginshiƙan fiƙihu, kuma littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da su, irin su Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, sun yi magana a kan cutar da maƙwabci ke jawo wa maƙwabci. Wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba irin wannan rigima, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini. Ya bayyana yadda ake gane ko dutsen niƙa yana cutar da bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu a jikin rufin da bangon ke ɗauke da shi, a zuba busassun ƙwayoyi a kanta, a ce wa mai niƙa ya fara aiki. In ƙwayoyin sun motsa, an tabbatar da cuta. Na kawo wannan ne don amfaninsa gare ka. Malamai sun yi saɓani a kan sauti zalla, wasu ba su ɗauke shi cutar da ke wajabta hani ba, amma hayaƙi da girgizar da ke raunana gini ba a cika jayayya a kansu ba. Saboda haka in ka tsaya gaban alƙali kada ka tsaya a kan “ƙara ta dame mu”. Ka ambaci hayaƙin da ke shiga ɗaki, ka ambaci karkarwar bango, in akwai tsaga ka nuna. Ka kuma jaddada cewa cutar sabuwa ce, bara aka fara ta, domin fiƙihu yana bambanta tsohuwar cuta da wadda aka ƙirƙiro. A mazhabar akwai maganar cewa wanda yana nan yana gani ya yi shiru har shekara goma ba tare da uzuri ba, haƙƙinsa na iya faɗuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bayan waɗannan akwai dokar gwamnatin tarayya wadda mutane ƙalilan suka san da ita. An kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara a ƙarƙashinta. Ma'aunin ƙarfin sauti shi ake kira desibel. Ƙa'idojin sun ce a gidajen zama kada a wuce desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗa da shaguna, 55 da rana, 45 da dare. Dare a wurinsu daga ƙarfe goma ne zuwa shida na safe. Don ka gane girman lambobin, hirar mutum biyu a zaune takan kai kusan 60, kuma duk ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin ɗakin kwana ta wuce 30 in ana son barci mai daɗi. Babban janareta da ba a rufe ba, a jikin bango, ya yi wa waɗannan lambobi fintinƙau.

Yanzu sai aiki, kuma aikin farko na cikin gidanka ne. Ka sayi littafin rubutu na ɗalibai ka ware shi don wannan magana. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, lokacin da aka tayar da inji, lokacin da aka kashe, da abin da ya faru a gidan: wane ne ya kasa barci, wane yaro ne ya makara, yaushe aka kai Hajiya asibiti. Ka sauke manhajar auna ƙara a wayarka, akwai na kyauta, ka riƙa aunawa a cikin ɗakin da injin yana aiki da kuma bayan an kashe shi. Awon waya ba zai maye gurbin na'urar hukuma ba, amma yana sa jami'i ya ɗauki maganarka da muhimmanci. Ka ɗauki bidiyo daga cikin gidanka, ka faɗi rana da lokaci da bakinka a farkonsa. Kada ka leƙa da kyamara cikin gidansa, wannan wata rigimar ce daban. Ka adana wayar da ka yi ɗaukar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani kan na'urar da aka yi amfani da ita kafin kotu ta karɓi irin wannan shaida. Ka roƙi likitan Hajiya ya rubuta abin da ya gani. Sannan ka zagaya sauran maƙwabta ka ji ko akwai wanda abin ya dama, kuma zai yarda ya faɗa a gaban mutane. Mutumin da ya zo da littafin wata guda ya fi wanda ya zo da ɓacin ran shekara guda samun kunnen hukuma.

Ka ce ka yi masa magana sau biyu. Ina so in tambaye ka, me ka ce masa? Yawancin masu zuwa wurina abin da suke faɗa wa maƙwabci shi ne “ka hana mu barci”. Shi kuma abin da yake ji shi ne “ka rufe sana'arka”, sai ya kafe. Ka koma karo na uku, da rana, ba lokacin da injin ke ruri ranka a ɓace ba, tare da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ka je da buƙata takamaimai wadda zai iya yi. Ya janye injin daga jikin katanga zuwa ɗaya ɓangaren gidan, domin a fili duk lokacin da aka ninka tazara ƙarar takan ragu da kusan desibel 6. Ya gina masa ɗaki na bulo mai hanyar shan iska. Ya gyara salansa, ya ɗaga bututun hayaƙi sama ya kawar da shi daga tagarku. Ya ɗora injin a kan roba mai kauri don rage girgiza. Ya riƙa kashewa daga ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare.

Na taɓa shiga irin wannan magana a wata unguwa, tsakanin wani malamin makaranta da wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar da injin markaɗe. Malamin ya zo ofishina a fusace, yana so a kai ta kotu. Na ce mu fara zuwa in ga wurin. Da muka shiga ɗakinsa aka tayar da injin, sai na ga kofin shayi a kan teburinsa yana tafiya da kansa har bakin tebur. Muka zaga gidanta, na tarar an kafa injin a kan dandamalin siminti da ya haɗe da harsashin bangon, shi ya sa duk ginin ke rawa. Ita kuwa tana tsaye hannunta duk jajjage, idonta ya ciko, tana cewa in aka rufe injin nan da me za ta ciyar da marayu. A zauren mai unguwa aka kashe maganar. Aka matsar da injin tsakar gida, aka yi masa sabon dandamali da tsofaffin tayoyi a ƙarƙashi, aka yarda ba markaɗe kafin ƙarfe bakwai na safe ko bayan isha'i. Malamin da kansa ya biya kuɗin buhun siminti ɗaya. Abin da aka kashe gaba ɗaya bai kai kuɗin shigar da ƙara da zirga-zirgar zama biyu a kotu ba.

Shi ya sa nake cewa kada ka tsallake mai unguwa. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne tunda ba shi da ikon ɗaure kowa. Amma shi ya san ku duka, maganarsa tana da nauyi, kuma in ta gagara yana iya miƙa ta ga dagaci ko hakimi. Ko ba a daidaita ba, zuwanka wurinsa shaida ce a gaban alƙali cewa ka nemi sulhu aka ƙi. Sharaɗi ɗaya nake gindaya maka: duk abin da aka amince a rubuta shi. A sa abin da za a yi, da ranar da za a gama, da sa'o'in kashe inji, ku sa hannu, shaidu biyu su sa, mai unguwa ya buga hatiminsa, kowa ya riƙe kwafi. Sulhun baki yakan yi sati biyu ya narke. A Kano hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, ita ma tana zaman sasanta maƙwabta. In kuma maƙwabcin naka ɗan haya ne, ka nemi mai gidan, domin sau da yawa bai ma san an mai da gidansa masana'anta ba, kuma in da saninsa aka yi, shi ma ana iya haɗawa da shi a ƙara.

In duk wannan bai yi ba, sai hukuma, kuma a rubuce. Ka rubuta takardar ƙorafi gajera, shafi ɗaya, ka haɗa da kwafin littafinka, ka kai sashen duba-gari na ƙaramar hukumarku. Suna da ikon shiga su duba, su ba da takardar gargaɗi mai wa'adi, in an ƙi su gurfanar da mutum. Ka kai kwafi ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA. Mutanen Kaduna suna da KEPA, na Abuja suna da AEPB, na Legas kuma LASEPA, wadda ta yi suna wajen rufe wuraren da suka addabi jama'a da ƙara. Duk inda ka kai takarda, ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ka koma bayan mako biyu. Ba zan ɓoye maka ba, ofisoshin nan suna da ƙarancin ma'aikata da kayan aiki, kuma takardar da ba a bibiya kwanciya take yi. In an yi biris da kai, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda take nan tun 1975, aikinta ke nan bin kadin wanda ma'aikatar gwamnati ta yi wa sakaci, kuma kyauta ne.

Akwai wata ƙofa da ta dace da matsalarka musamman. Takardar mallakar fili tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa. In na zama ne, mai da shi wurin sana'a yana buƙatar izinin hukumar tsara birni, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Mai yin ƙanƙara a gareji da wuya a ce ya nemi wannan izini. Sau da yawa ambaton wannan kaɗai a cikin wasiƙar lauya yakan sa mutum ya sauko, domin ya san abin da zai rasa ya fi kuɗin ginin ɗakin janareta.

Batun 'yan sanda kuwa, a yi hattara. Final Kod ya haramta damun jama'a, wato abin da ke cutar da mutanen da ke zaune a wuri gaba ɗaya, don haka in layinku duka abin ya shafa, ana iya kai ƙorafi caji ofis, ko a shigar da ƙara kai tsaye gaban majistare. Amma in tsakaninku ne ku biyu, rigima ce ta haƙƙi, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan irin wannan. Ban yarda da ɗabi'ar nan ta biyan kuɗi a kulle maƙwabci kwana ɗaya don a koya masa hankali ba. Zai fito, injin yana nan, gaba ta ƙaru, kuma yana iya maka ka a kotu kan tauye masa 'yanci. In ya yi maka barazana ko ya ɗaga maka hannu, wannan kam maganar 'yan sanda ce nan take. Haka kuma ka guji sa hotonsa da sunansa a Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa kana zaginsa. Ɓata suna laifi ne, kuma na ga masu gaskiya da yawa sun koma masu ba da haƙuri ta wannan hanya.

Kafin kotu, lauya zai rubuta masa wasiƙa ya ba shi wa'adi, kwana bakwai ko sha huɗu. In ya yi kunnen uwar shegu, sai a shigar da ƙara. Abu biyu ake nema, umarnin hani da diyya, kuma na farkon ne ya fi maka amfani. Lauyanka zai iya roƙon umarnin wucin gadi da zai taƙaita aikin injin da dare tun kafin a gama shari'ar, kuma a nan ne jinkiri ke cutarwa, domin alƙali zai tambaya, in abin na gaggawa ne me ya sa ka zauna shekara biyu. Ka sa a ranka cewa kotu ta fi karkata ga sa sharuɗɗa, kamar sa'o'i da wurin ajiye inji, a kan rufe sana'a ɗungurungum. In an ba da umarni ya karya, akwai takardun da ake kira fom 48 da fom 49, na farko gargaɗi, na biyu kiran ya zo ya faɗi dalilin da ba za a tura shi gidan yari ba saboda raina kotu. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, tana iya shekara ko fiye, kuma Hausawa sun ce mace ce mai ciki. Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi. Babbar Kotun Kano ma, kamar ta Legas da ta Abuja, tana da sashen sasantawa, inda in an cimma yarjejeniya alƙali zai iya amincewa da ita ta zama hukunci. In kuna da yawa, ku haɗa kuɗi ku shigar tare. A 1991, a shari'ar Adediran da kamfanin sufuri na Interland, inda mazauna wata unguwa a Isolo ta Legas suka kai ƙarar kamfanin da tirelolinsa suka addabe su, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa talakawa suna iya kai ƙarar abin da ya dami jama'a da kansu ba sai da izinin babban lauyan gwamnati ba.

Wasu masu karatu za su ce tasu matsalar ba inji ba ce. In biki ne na kwana ɗaya ko biyu, shawarata haƙuri, domin kotu ba ta cika sauraron abin da ya zo ya wuce ba, kuma gobe naka bikin na tafe. Gidan da ya zama wurin casu duk mako kuwa, hukuncinsa ɗaya da janareta. Mai wuyar ita ce lasifikar wurin ibada, masallaci ko coci, wadda ake bari a buɗe har tsakar dare. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 45 kuma ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita shi don lafiyar jama'a da haƙƙin wasu. A 2021 Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ta masallatai ga kiran salla da iƙama, ta kuma ce kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Duk da haka, a irin wannan ban taɓa ba wa kowa shawarar farawa da hukuma ba. A samu liman ko fasto da kwamitinsu cikin girmamawa, a tafi da wanda yake ibada a wurin, a roƙi a juya lasifikar ko a koma ta ciki bayan wani lokaci. Mafi yawansu ba su san akwai mara lafiya a bayan bango ba.

Malam, kafin duk wannan ya kankama, ka sauya wa Hajiya ɗaki a daren yau, ko da kai ne za ka koma nata. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta sha kashe iyali guda a cikin barci a ƙasar nan. Duk wanda ya fara tashi da ciwon kai ko jiri a gidan, a kai shi asibiti, a kuma rubuta a littafin. Ka fara rubutun daga yau, ka nemi dattijon da zai raka ka cikin makon nan, in ba a dace ba ka isa zauren mai unguwa kafin wata ya ƙare. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya kuma daidaita tsakaninku.